Dutsen Halo

Shafi na 19

Ni na riga kowa gani. Ku rubuta ku ajiye. Tun ana zargin maƙwabta, tun ana cewa hassada ce ta 'yan unguwa, ni Armaya'u na Karare, wanda 'yan daji suka kora daga gari zuwa gari ban mutu ba, na riga na san inda gizo ke saƙa. Ban yi boko ba, yaƙi da jahilci kawai na leƙa. Amma idon da ya gane sawun ɓarawon shanu a kan fako ba zai kasa gane sawun mace a kan yashi ba. Masu damuna da cewa tsoho ya yi shiru, to ga shi nan, ku sha.

Wanda bai san inda muka kwana ba: shekarar da aka yanke sabis ce, daga Batsari har Safana, waya ta koma tocila. Sai wani dutse a bayan garin Safana da iska ke kaɗo masa sabis daga nesa, aka sa masa Dutsen Halo. 'Yan sa-kai sun hana hawansa, sun ce can infoma ke tsayawa su kai wa 'yan daji labari.

Sharhabilu ɗan Zuwairatu, waɗanda suka gudo daga wani ƙauyen Runka bayan an kashe uban a gona, ya karanta kwamfuta har digiri. Wani kamfani a Katsina ya kira shi intabiyu, aikin kula da rumbun bayanai. Shi ya sa yake satar hawa dutsen yana sauko da darussa daga intanet. Jiya 'yan sa-kai suka shiga gidansu, suka ɗauke kwamfutarsa da wayarsa, suka ce kada ya kuskura ya bar gari.

Intabiyu gobe da safe. Motar ƙarshe, a-kori-kurar Mani, bayan azahar za ta tashi.

Zana ce kawai tsakanin ɗakina da tsakar gidansu. Ga yadda aka yi.

"Yaya, tambaya ta farko."

Sharhabilu bai ɗago ba. Yana zaune a kan kifaffen turmi, ya zuba wa kaji ido kamar su za su yi masa intabiyun. Farar rigar da ya aro dutsen guga ya goge tana rataye a kan igiya, ba mai kallonta.

Mahfuza, ƙanwarsa, ta tsaya a gabansa ta riƙe ƙugu. Tun da aka rufe makarantarsu ta kwana ita ce mai yi masa tambayoyi, har ta haddace su kamar ƙaramar sura. Ta kumbura murya irin ta manyan ofis.

"Malam, manhaja ta ƙi shiga rumbun bayanai. Oga yana ihu, mutane sun yi layi. Me za ka fara dubawa?"

"Mahfuza, rabu da ni."

"A nan kamfanin ba ma ɗaukar mai kumbura baki."

"Da me zan je? Da wace ƙafar?"

"Ni dai tambaya na yi. Ka amsa, ko in kira na baya."

Ya ja numfashi. Abin da baki ya saba, ko zuciya ta karye sai ya fito.

"Daga gida nake farawa," ya ce a hankali. "Kafin in zargi sabar, babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan, sai in duba ɓangarena. Adireshin da na rubuta daidai ne? Lambar ƙofa daidai ce? Sunan mai shiga da kalmar sirri, ba wanda ya canza?"

"In duk daidai ne fa?"

"Sai in ƙwanƙwasa wa sabar, in ji ko tana da rai. In ta amsa, sai in duba mai sauraro, ɗan aiken nan da ke bakin ƙofarta yana karɓar baƙi, ko barci ya ɗauke shi. In idonsa biyu, to katangar tsaro ce ta tare hanya."

"Ka ce fayawol, kada su gane ɗan Runka ne."

Ya ɗan murmusa, ba da son ransa ba.

"Tambaya ta biyu. Da safe lafiya lau, kowa na shiga. Rana tsaka sai kowa ya tsaya cak. Sabar kuma ƙalau take. Mene ne?"

Kafin ya buɗe baki, sai murya ta fito daga bakin murhu.

"Guga ne ya yi kaɗan."

Suka juya. Inna Zuwairatu ce, tana durƙushe tana iza karan dawa a wuta, ba ta waiwayo ba.

"Ba haka kake cewa kullum ba? Rijiya da ruwanta, amma guga a ƙidaye yake. Wanda ya ja bai mayar ba, na bayansa ya tsaya da ƙishi."

Mahfuza ta buga tsalle ta tafa.

"Inna ta ci intabiyu! Yaya, ba ta rigar, ita za ta je!"

Inna ba ta yi dariya ba. Ta sa gefen zane ta goge ido.

"Hayaƙi ne," ta ce, ba wanda ya tambaye ta.

Mahfuza ta zauna a ƙasa kusa da turmin, wasan ya fita daga fuskarta.

"Yaya, ni abin da ya hana ni sukuni, yadda Sule ɗan sa-kai ya shigo jiya. Bai ɗaga katifa ba. Bai buɗe akwati ba. Kai tsaye ya nufi buhun dusa da ke ƙarƙashin gadon Inna, ya zura hannu ya zaro jakar. Kamar shi ya ajiye."

Sharhabilu ya ɗago kai.

Tun jiya yake lissafa maƙiya. Mai shagon caji, da ya taɓa yi wa gardama. Maƙwabcin da ke cewa 'yan gudun hijira sun cika musu gari. Kowa ya zarga, har ni da nake bayan zana ban tsira ba, Allah ya yafe masa. Amma ba ɗaya daga cikinmu da ya taɓa shiga ɗakin Inna.

Daga gida nake farawa. Da bakinsa ya faɗa yanzun nan.

Ya dubi Mahfuza.

Ta dafe ƙirji. "Wallahi tallahi, Yaya. In ni ce, kada in ga Annabi."

Ya dubi bayan Inna. Wutar ta riga ta kama, amma tana ta hurawa.

"Inna."

Ta ƙara iza kara.

"Inna, wa ya san buhun dusa?"

Sai ga sallama daga zaure. Kawu Daudu ne, ƙanen Inna, shugaban 'yan sa-kai na unguwar. Ya shigo da bindigarsa harba-ka-ruga a rataye, idonsa ja kamar gauta. Aka gaisa a tsaitsaye, ba a ko kai ga tambayar gajiya ba.

"Yaya Zuwai, zo zaure mu yi magana."

Sharhabilu ya miƙe.

"A nan za a yi ta, Kawu."

"Kai, yaro, da manya nake."

"Kaina ake magana a kai. A nan za a yi."

Daudu ya dubi yayarsa. Ta ƙi dubansa. Ya sauke bindigar ya jingina da bango, ya zauna a kan dutsen niƙa kamar wanda ya yi noman wuni.

"Yaya Zuwai, abin ya fi ƙarfina," ya ce.

Mahfuza ta toshe baki. Daudu ya ci gaba.

"Ni cewa na yi a riƙe kayan, mota ta tashi, in dawo da su da hannuna, a ce an bincika ba a ga komi ba. Haka muka yi da ke. To Sule ya taɓa wayar, sai ga wani zane a fuskarta. Akwatuna, da layuka, da kibiyoyi suna shiga suna fita. Ya ce taswirar gari ce. Ya ce ga ƙofofi nan, ga inda muke gadi, ga hanyar shigowa."

"Kawu, zanen sabar ne! Hanyar da manhaja ke bi ta isa rumbun bayanai! Na sa shi a fuskar waya don in riƙa gani in haddace!"

"Ka je ka faɗa wa mutumin da aka ɗauke matarsa da goyo. Ka je ka faɗa wa Sule. Tun da hantsi magana ta cika tasha. Ba a cewa Sharhabilu, infoma ake cewa."

Sharhabilu bai ji ƙarshen maganar ba. Magana ɗaya ce ta tsaya masa a rai. Haka muka yi da ke.

Ya taka har bakin murhu ya durƙusa.

"Inna, ke ce?"

Ta ajiye karan da ke hannunta.

"Ni ce."

"Ke da kika sayar da akuyarki ta ƙarshe aka gyara min batir?"

"Ni ce."

"Ke da kike tashina in yi bita? Ke da kika haddace guga?"

"Na ce ni ce, Habilu. Sau nawa zan faɗa?"

"Me na yi miki?"

Nan ta juyo. Na rantse muku, ta ramin zana na ga fuskar nan, kuma na ga fuskoki da yawa a shekarun nan, ban ga irinta ba.

"Mi ka yi min? Girma ka yi. Ƙafa ka yi." Ta dafa gwiwarsa. "Ubanku ya ce gona zai leƙa ya dawo, na dama masa fura na rufe. Yayanka ya ce Batsari zai kai gyaɗa ya dawo. A bayan a-kori-kura ya tafi yana ɗaga min hannu, a bayan a-kori-kura aka dawo da shi a cikin tabarma. Ɗan fari ne. Tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba, don kunya. Wancan nake cewa, yaron nan nake cewa. Ranar da aka shimfiɗe shi na ce Jafaru. Na ce Jafaru, tashi. Rana ɗaya tak na kira shi, bai ji ba."

Mahfuza ta fashe da kuka.

"Sai kai. Kullum ka sulale ka hau dutse, ni in zauna ina sauraron ƙarar bindiga. Yanzu kuma hanya. In sun ɗauke ka aiki, hanya ce kullum, zuwa da dawowa. Na ce ya rasa aikin, ya ji haushi, ya yi fushi da duniya, amma in na kira shi ya amsa. Abin da na roƙi Daudu ke nan. Ban ce a ɓata maka suna ba. Wallahi ban ce ba."

"Inna, don in fitar da ku nake yi. Ɗaki ɗaya a Katsina, ke da Mahfuza. Inda za ki kwana ba takalmi a ƙafa."

"Na sani."

"Kin sani?"

"Na sani. Tsoro bai san na sani ba."

Ya zauna daɓas a cikin toka. Da maƙiyi ne da ya san abin yi. Da mai shagon caji ne da sun daku. To wa zai kama?

Daudu ya share gumi.

"Ku saurara, lokaci na tafiya. In ya hau motar nan a haka, yaran da ke shingen bakin gari za su sauko da shi. Kun san abin da ake yi wa wanda aka kira infoma. Ba a kai shi ofishin kowa."

"To Kawu, ka faɗa musu gaskiya mana!" in ji Mahfuza.

"In na faɗa, sai a ce wa ya kawo ƙara. Kuma kun san rantsuwar ƙungiya. Tun da aka yi asarar bayin Allah a kan ƙazafi muka dafa Littafi: duk wanda ya kawo ƙarar ƙarya, bulala a tsakiyar tasha, sannan ya bar gari. Ba babba ba yaro. Ba mace ba namiji. Ni na ja rantsuwar da bakina."

"Ta bar gari ta je ina?" Sharhabilu ya tambaya.

Kowa ya san inda ya rage. Ƙauyen da ko kare ya bari.

Ya miƙe ya kaɗe toka. Ya je igiya ya sauke farar rigar, ya ninke ta a hankali, ya miƙa wa Mahfuza.

"Sa a akwati."

"Yaya..."

"Ba inda za ni. Kawu, ka ce musu ina nan, su yi ta bincike har su gaji. Aiki ba shi ne ƙarshen duniya ba."

"Sunan fa?" in ji Daudu. "Ko ka zauna, sunan na nan. Ba mai ba ka 'ya, ba mai tsayawa sahu ɗaya da kai."

"Na ɗauka."

Aka kira azahar. Maza suka fita masallaci. A sahu, na gefen Sharhabilu na dama ya ja baya ya bar gurbi. Ni na cike gurbin nan, ni Armaya'u, kafaɗa da kafaɗa, kowa na kallo. A tambaya.

Da Sharhabilu ya dawo gida, Mahfuza ce kaɗai a tsakar gida, riƙe da rigar.

"Ina Inna?"

"Ta ɗauki mayafi. Ta ce in ba ka wannan, in ce ka same ta a tasha."

Ya fita da gudu ba takalmi.

Tasha ta cika. A-kori-kurar Mani na tsaye, an ɗaure buhuna, mutane sun hau sun zauna a kai. Gurbi ɗaya ya rage a gefen ƙarfe, wanda Sharhabilu ya kama tun farkon mako. Sule na zaune a kan benci a ƙarƙashin dalbejiya, jakar kwamfutar a kan cinyarsa, yaransa kewaye da shi. Inna Zuwairatu na tsaye a gabansu. Matar da ko a biki ba a jin muryarta.

"Jama'a, ku shaida," take cewa. "Ni na kai ƙarar ɗana. Ƙarya na yi. Ba infoma ba ne, karatu yake. Tsoron hanya ya sa ni. Ga bayana, ku yi abin da dokarku ta ce, ku ba shi kayansa ya hau mota."

Wata mai ƙosai ta saki matsami ta ɗora hannu a ka.

Sule ya miƙe a hankali.

"Inna, kin san abin da kike faɗa? Kin san hukuncin?"

"Na sani, ɗan nan. Fatata ta ga abin da ya fi bulala."

Sai Sharhabilu ya keto taron yana haki, ya tsaya tsakaninta da Sule.

"Ba ita ba ce."

"Habilu, matsa."

"Ba ta san komi ba! Uwa ce, so take ta cece ni. Na hau dutse, na karya doka, ni ke da laifi. Ku riƙe ni, ku ƙyale ta."

"Ƙarya yake yi! Daudu, faɗa musu!"

Daudu ya sunkuyar da kai. In ya ce eh, ya miƙa yayarsa ga bulala. In ya ce a'a, ya miƙa ɗanta ga abin da ya fi bulala.

Mani ya leƙo ta taga ya danna ham.

"Jama'a, ni fa ba na kai la'asar a hanyar nan. Mai hawa ya hau!"

Ya tayar da inji.

Mahfuza ta iso, ta rungume farar rigar a ƙirji, tana duban gurbin da ke bayan mota, tana duban yayanta.

Sule ya dubi uwa, ya dubi ɗa.

"Ɗayanku maƙaryaci ne. Mu kuma mun gaji da binne mutane a kan ƙarya." Ya juya ga wani dattijo mai alwala. "Baba, shiga masallaci ka ɗauko Alƙur'ani."

Aka kawo shi a cikin gafaka, aka ɗora a kan benci.

Kun san abin da ake cewa a ƙasarmu game da wanda ya dafa a kan ƙarya. Inna ta sani. Ta san kuma cewa ɗanta ya sani, ta ga idonsa, ta gane ya yi niyya.

"Habilu," ta ce, muryarta ta dawo ƙasa-ƙasa kamar tana lallashin jariri. "Na hana ka hanya don kada in rasa ka a duniya. Kada ka sa in rasa ka har lahira. Janye hannunka."

"Inna, janye naki."

Tayar mota ta fara juyawa.

"Wa zai fara?" in ji Sule.

Hannu biyu suka miƙa a tare.

A nan hawaye ya rufe min ido, ban ga hannun da ya riga dafawa ba, ni da na binne 'ya'yan cikina ban yi kuka a gaban mutane ba. Wanda ya ce tsoho ya ƙara gishiri, hanyar Safana ba a rufe take ba. Ya hau mota in yana da zuciyar hawa, ya sauka a tasha, ya tambayi Armaya'u na Karare. Bencin na nan, dalbejiyar na nan, gafakar na nan a masallaci. Ya yi alwala ya zo, ni da shi mu dafa, a ga wanda hannunsa zai yi rawa.